Kaki a Jiki, Farar Hula a Takarda: Matan da Suka Tuƙa Jiragen Soja a Yaƙin Duniya na Biyu

Ranar 21 ga Maris, 1943, wasu jiragen horo samfurin BT-13 suka taso daga Long Beach ta jihar Kalifoniya za a kai su Dallas. Suna tafe a jere a sararin Teksas, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Merkel, sai jirgin wani matuƙi namiji ya matso fiye da kima ya daki fiffiken jirgin Cornelia Fort. Shi ya samu ya sauka lafiya. Nata ya juya ya yo ƙasa da ka. Shekarunta 24 a duniya. Wannan baiwar Allah ita ce wadda ranar da Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka da ke Hawaii, take sama tana koya wa wani ɗalibi tuƙi, ta hango jirgin yaƙi ya nufo su gadan-gadan, ta fizge sitiyari daga hannun ɗalibin ta kauce. Ta kuɓuta daga harsashin Japan, ajali ya same ta tana yi wa sojan ƙasarta aiki.

Jirgin na soja ne, umarnin tafiyar daga soja ya fito, sansanin da za ta sauka na soja ne. Amma a takardun gwamnatin Amurka Cornelia Fort ma'aikaciyar farar hula ce. Da namijin soja ne ya mutu a wannan hatsarin, iyalinsa na da inshorar rai da takan kai dala 10,000, a kai gawarsa gida da rakiya, a lulluɓe akwatinsa da tuta, a ba mahaifiyarsa damar rataya tauraron zinare a tagar gidanta, alamar da kowa a unguwa ya san ma'anarta. Matan da ke cikin shirin tuƙa wa sojan Amurka jirage ba su da haƙƙin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Su 38 ne suka mutu kafin a rufe shirin, 11 a lokacin horo, 27 a bakin aiki. Sau da yawa abokan aikin mamaciya ne ke yin karo-karo daga ɗan albashinsu don a iya kai gawa wurin iyaye, ɗaya daga cikinsu ta hau jirgin ƙasa ta raka akwatin.

Idan aka ce an nuna wa mata matuƙa wariya a lokacin yaƙi, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne habaici da kallon raini, da kwamandan da ya ƙi amsa gaisuwa. An yi wannan, ba kaɗan ba. Amma ni a ganina raini shi ne ƙaramin ɓangaren labarin. Tambayar ko mace za ta iya sarrafa jirgin yaƙi an amsa ta tun a watannin farko, kuma manyan hafsoshi sun ga amsar da idonsu. Abin da aka yi shekara da shekaru ana ja-in-ja a kansa shi ne bashin da ke biyo bayan aikin: muƙami, albashi, magani, fansho, makwanci. A nan aka gina wariyar, da doka da sa hannu, ta yadda za a ci moriyar ganga a yar da kwaurenta ba tare da an ce wani ya karya ƙa'ida ba.

Don a gane yadda aka kai nan, sai a koma 1942. Masana'antun Amurka na fitar da jirage dubbai, kuma kowane jirgi sai an sami wanda zai ɗauke shi daga ƙofar masana'anta ya kai shi sansanin horo ko tashar da za a loda shi zuwa Turai. Duk namijin da aka ɗaure a wannan jigila an rage mutum guda a fagen daga. Mata biyu suka kawo mafita, kowacce da nata salon, kuma ba sa ga maciji da juna. Nancy Harkness Love ta ce a ɗauko 'yan matan da suka riga suka ƙware, a sa su jigila kai tsaye. A watan Satumba na 1942 aka ba ta dama, ta tara mata 28 a sansanin New Castle da ke jihar Delaware. Jacqueline Cochran, shahararriyar mai tseren jirage, ta fi son babban shiri mai makarantarsa, aka buɗe mata a Houston a watan Nuwamba, daga baya aka mayar da shi Avenger Field a garin Sweetwater. A watan Agusta na 1943 aka haɗe biyun ƙarƙashin Cochran da sunan WASP, gajarcen da a Turanci ya yi daidai da sunan rina. Mata kimanin 25,000 suka nema, aka ɗauki 1,830, waɗanda suka kammala 1,074.

Tun daga bakin ƙofa ma'aunin ya bambanta. Matan farko na Nancy Love sai da aka nemi kowacce ta zo da awa 500 na tuƙi, alhali namiji farar hula mai neman irin aikin awa 200 ta ishe shi. Albashinsu dala 250 a wata, ƙasa da na mazan. Babban bambancin kuwa shi ne wannan: namiji farar hula da ya shiga jigila, bayan kwana 90 na gwaji ana iya ba shi muƙamin hafsa, ya zama soja cikakke. Matan ma an sa musu rai da haka. Sai aka ce doka ba ta tanadi hanyar ba wa mace muƙamin matuƙi ba, a fara aiki tukuna, za a gyara daga baya. Wannan "daga baya" ita ce ta ɗauki shekara 35.

A Sweetwater, ɗaliba ita ke biyan kuɗin motarta zuwa Teksas, a cire mata kuɗin ɗaki da abinci daga dala 150 da ake ba ta, in ta faɗi jarrabawa ta nemi kuɗin komawa gida. Saurayi mai shiga makarantar tuƙin soja ba a tambayarsa ko ya taɓa hawa jirgi. Mace sai ta zo da lasisi ko awannin da ta biya da kuɗin aljihunta. Kayan aikin da aka raba musu ragowar kayan makanikai maza ne, manya-manya, sai an naɗe hannu an naɗe ƙafa an ɗaure ƙugu da ɗamara. Gajeru kan shiga jirgi da matashin kai a ƙarƙashi da baya don ƙafa ta kai ga feda. Duk da haka suna fareti, suna jin ƙaho da asuba, ana duba shimfiɗarsu, ana hukunta su in sun saɓa, komai irin na bariki. Wuyar soja an ba su ita cif, haƙƙin soja ne aka riƙe.

Aikin da suka yi ya wuce jigila nesa ba kusa ba, duk da cewa jigilar kaɗai ta kai jirage 12,650 na samfuri 78, kuma jimillar tafiyarsu ta kai mil miliyan 60. Suna gwada jiragen da aka gama gyarawa kafin a miƙa wa ɗalibai maza. Suna tashi da dare don masu fitilar haska sama su koyi kama jirgi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne jan abin bara. Za a ɗaura wani dogon ƙyalle mai kama da hannun riga a jikin igiyar ƙarfe, a saki igiyar a bayan jirgi, matuƙiya ta yi ta kai da komo a gaban sababbin sojoji masu koyon bindigar kakkaɓo jirgi, su kuma suna harbi da harsashi na gaske. Ɗan koyo kuwa ba kullum yake bambance ƙyalle da jirgin da ke jansa ba. Akwai waɗanda suka sauka suka tarar da huji a jikin jirginsu.

A Camp Davis da ke jihar Karolina ta Arewa, inda aka fara tura su wannan aiki a 1943, jiragen da aka ba su tsofaffi ne da suka gaji a fagen yaƙi, ga ƙarancin kayan gyara, ga kwamandan da bai yi maraba da su ba. A watan Agusta na shekarar, Mabel Rawlinson na atisayen dare a jirgi samfurin A-24 injin ya ba da matsala, ta faɗo a gefen fili. Malamin da ke tare da ita ya faɗo waje ya tsira. Ita kuwa makullin murfin ɗakin tuƙinta ya ƙi buɗuwa daga ciki, wuta ta kama, abokan aikinta suna nan kusa ba yadda za su yi. Bayan wata guda Betty Taylor Wood ta mutu a wannan sansani. Wasu daga cikin matan suka ajiye aiki, saura suka koyi duba injinsu da kansu, suka ƙulla zumunci da makanikai don su riƙa gaya musu gaskiyar lafiyar jirgi. Kuma ba su iya ɗaga murya sosai ba, don sun san duk wani ƙorafi za a iya juya shi ya zama hujjar cewa mata ba za su iya ba, a rufe shirin baki ɗaya.

Akwai wani salon amfani da su da ke nuna yadda hafsoshin ke tunani. Jirgin ruwan bama-bamai na B-26 ya yi ƙaurin suna wajen kashe matuƙa a lokacin tashi da sauka, har maza na gudunsa. Sai aka horar da mata a kansa a Dodge City ta jihar Kansas. Haka aka maimaita da B-29, ƙaton jirgin da injinansa ke yawan kamawa da wuta. A 1944 Paul Tibbets, wanda daga baya ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ya ɗauko Dora Dougherty da Dorothea Moorman, ya koya musu jirgin cikin 'yan kwanaki, suka riƙa zagayawa da shi suna ɗaukar matuƙa maza. Dabarar ta ci, mazan suka daina tirjiya. Ba a jima ba umarni ya zo daga sama a dakatar da matan, don suna kunyata mazan. A lura da abin da ke ƙunshe a nan. An yarda da ƙwarewarsu har an damƙa musu jirgin da ya fi kowane tsada da haɗari, amma darajar abin a idon masu shirin ita ce a ce wa namiji "har mace ta yi". Ƙwarewarsu ta zama bulalar dukan wasu, da ta gama aiki aka rataye ta.

Sauran takunkuman kanana ne a ido amma suna da nauyi. A watan Maris na 1943 an fitar da umarni a sashen jigila cewa kada mace ta tashi jirgi a kwanakin al'adarta, kada ta zauna a matsayin mataimakiyar matuƙi namiji, kuma a tsayar da su a kan ƙananan jirage. Nancy Love ta yi tsayin daka har aka janye. A watan Satumba na shekarar ita da Betty Gillies sun kai ƙaton jirgi B-17 har Goose Bay a Kanada, suna shirin tsallaka Tekun Atlantika da shi zuwa Birtaniya, sai saƙo ya zo daga Janar Henry Arnold, shugaban sojan sama, cewa a sauke su. Daga nan har ƙarshen shirin ba a bar mace ta tsallaka teku da jirgin soja ba.

Ba zai yiwu a yi wannan bayani a tsallake launin fata ba, domin waɗanda aka yi wa wariya su ma shirinsu ya yi wa wasu. Baƙaƙen fata mata masu lasisin tuƙi, irin su Mildred Hemmons Carter da Janet Harmon Bragg, sun nema an mayar da su saboda launinsu. Hujjar Cochran ita ce shirin na tsaye a kan siraɗi, ƙara masa rigimar launin fata zai kayar da shi. Ban karɓi wannan hujja ba, domin irinta ce sak ake kafa wa matan da kansu: ku yi haƙuri, lokaci bai yi ba. An dai ɗauki 'yan asalin Sin biyu, Hazel Ying Lee da Maggie Gee, da Ola Mildred Rexroat 'yar ƙabilar Oglala Lakota. Hazel Lee ita ce ta 38 a jerin mamatan. Ta rasu a watan Nuwamba na 1944 bayan jirginta ya yi karo da wani wajen sauka a Great Falls. Kwanaki kaɗan bayan haka iyalinta suka sami labarin an kashe ɗan'uwanta Victor a fagen daga a Faransa. Da suka je binne su a Portland, maƙabartar ta ce wurin da suka zaɓa na Turawa ne, sai da suka yi jayayya kafin a bari.

Idan aka leƙa Birtaniya za a ga cewa abin da ya faru a Amurka zaɓi ne, ba dole ba. Hukumar jigilar jirage ta ATA ta ɗauki mata takwas na farko a watan Janairu na 1940 ƙarƙashin Pauline Gower. Su ma an fara da raina su: ƙananan jiragen Tiger Moth kawai, albashi ƙasa da na maza da kashi 20 cikin 100, ga masu rubutu a mujallun jirage suna cewa su koma goge ɗaki. Gower ba mai hayaniya ba ce, ta bi abin sannu-sannu. A 1941 suka hau jirgin yaƙi na Hurricane, sai Spitfire, har Lettice Curtis ta zama ta farko da ta tuƙa mai ruwan bama-bamai mai inji huɗu. Suna tashi ba rediyo, ba makami, da taswira da ɗan littafin bayanin jirage a aljihu, wani lokaci a jirgin da ba su taɓa gani ba sai ranar. Mary Ellis ta sha ba da labarin ranar da ta sauke ƙaton jirgin Wellington ita kaɗai, ma'aikatan filin suka ƙi yarda, suka shiga ciki suna neman matuƙin. A 1943 aka daidaita albashinsu da na maza masu irin muƙaminsu. Me ya sa abin ya yiwu a can? Babban dalili shi ne ATA gaba ɗayanta hukumar farar hula ce, maza da mata a ƙarƙashin tsari ɗaya, don haka babu katangar doka da ta raba su gida biyu. Mata 168 suka yi aiki a cikinta, 15 suka mutu, har da fitacciyar matuƙiya Amy Johnson a watan Janairu na 1941.

Tarayyar Sobiyet ita ce ta tafi can ƙurya, ta tura mata yaƙi kai tsaye. Marina Raskova, wadda ta yi suna tun kafin yaƙi, ta samo amincewar Stalin, kuma a watan Oktoba na 1941 aka ba da umarnin kafa runduna uku: ta 586 mai jiragen farauta, ta 587 mai ruwan bama-bamai da jirgin Pe-2, da ta 588 mai kai hari da dare. Wannan ta ukun ita Jamusawa suka laƙaba wa suna Mayun Dare. Jirginsu Po-2 na katako da zane ne, an ƙera shi don koyon tuƙi, ɗakin tuƙi a buɗe cikin sanyin Rasha. Bama-baman da yake ɗauka kaɗan ne, saboda haka a dare ɗaya sai su je su dawo sau takwas, sau goma, ko fiye a dogon daren hunturu. In sun kusa wurin hari sai su rage inji su sulalo shiru, abin da na ƙasa ke ji kawai shi ne shuuu ɗin iska a jikin wayoyin fiffike. Har zuwa 1944 ba sa ɗaukar laimar dira. A daren 31 ga Yuli, 1943, jirgin farautar Jamus ya kakkaɓo huɗu daga cikinsu, mata takwas suka ƙone abokan aikinsu na kallo daga sama. Rundunar ta yi tashi sama da 23,000, ta rasa mata 32, kuma 23 daga cikinta suka sami lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet.

Waɗannan sojoji ne na sosai, da muƙami da lambobin yabo. To amma su ma da aka fara, kakin maza aka ba su da manyan takalma da sai an cusa tsumma, mazan da ke maƙwabtaka da su kuma suna kiran rundunar "rundunar Dunka", wato suna wasa da sunan kwamandarsu Yevdokia Bershanskaya. Lydia Litvyak, wadda ta kakkaɓo jiragen Jamus da dama, ta ɓace a 1 ga Agusta, 1943 tana da shekara 21. Da yake ba a ga gawarta ba, kuma duk wanda ya ɓace ana zargin ko ya faɗa hannun abokan gaba, sai a 1990 aka ba ta lambar Gwarzo. Da yaƙi ya ƙare aka sallami kusan dukkansu. A watan Yuli na 1945 Mikhail Kalinin, shugaban ƙasa a hukumance, ya tara matan da suka yi yaƙi ya yaba musu, sannan ya shawarce su kada su riƙa tinƙaho da abin da suka yi, su bar wasu su faɗa. Da yawa suka ɓoye lambobinsu, domin a gari macen da ta dawo daga fagen daga ana yi mata kallon wadda ta je zaman dadiro da hafsoshi. Wato ko inda takarda ta amince da su, jama'a ta ƙi.

Mu koma Amurka, inda aka yi ta ta ƙare a 1944. A farkon shekarar, asarar matuƙa a fagen daga ta zo ƙasa da yadda aka yi hasashe, sai aka fara rufe makarantun horo na farar hula. Dubban malaman tuƙi maza, waɗanda aikin ya kare su daga shiga soja, suka ga za a kwashe su a kai su sojan ƙasa, a ba su bindiga su taka da ƙafa. A daidai wannan lokaci ne ɗan majalisa John Costello ya kawo ƙudirin da zai mayar da matan sojoji, Janar Arnold da kansa yana goyon baya. Mazan suka ga ga kujerun da za su cece su, mata na kai. Suka yi ta aika wasiƙu majalisa, suka sami ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da marubuta irin su Drew Pearson, aka shiga yayata cewa matan 'yan gayu ne masu cin kuɗin gwamnati, horonsu tsada, hatsarinsu yawa. Kwamitin majalisa na Robert Ramspeck ya fitar da rahoto yana cewa shirin ba shi da amfani. Alƙaluman soja kuwa sun nuna hatsarin matan bai fi na maza masu irin aikinsu ba. Amma an hana matan magana da 'yan jarida, an hana su zuwa majalisa kare kansu. Mai ƙara na ta magana, wanda ake ƙara an ɗaure masa baki. Ranar 21 ga Yuni, 1944, ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 188 a kan 169.

Tsoron mazan nan tsoro ne na gaske, ba wanda ke son a kai shi rami a Turai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙaryar da aka yi wa matan don a cim ma buƙata. Ita ma Cochran tana da nata kason laifi. Akwai hanyar shigar da matan soja ta rundunar mata ta WAC, wadda ke ƙarƙashin Oveta Culp Hobby, amma Cochran ta ƙi, tana son runduna mai zaman kanta da ita a sama. Tana da hujja, don dokokin WAC na shekaru da na masu ƙananan yara za su fitar da wasu matuƙan, amma akwai son girma a ciki. Bayan faɗuwar ƙudirin ta rubuta cewa in ba za a mayar da su sojoji ba, a duba yiwuwar rufe shirin. Aka ɗauki ta biyun.

Ranar 7 ga Disamba, 1944, Arnold ya tsaya gaban ajin ƙarshe a Sweetwater ya amsa cewa a da yana shakkar ko yarinya za ta iya riƙe B-17 cikin mummunan yanayi, amma yanzu ya tabbata mata na tuƙi kamar maza. Bayan kwana 13, ranar 20 ga Disamba, aka sallame su duka, yaƙi bai ƙare ba. Wasu suka ce za su ci gaba da jigila a kan dala ɗaya a shekara, aka ƙi. Da yawa da kuɗinsu suka koma gida. Dokar da ta ba tsofaffin sojoji karatu kyauta da bashin gida mai sauƙi, wadda ta ɗaga miliyoyin maza, ba ta shafe su ba. Kamfanonin jirage suka ce in suna so su zo su yi aikin raba abinci a cikin jirgi. Sai a 1973 manyan kamfanonin Amurka suka fara ɗaukar mace matuƙiya. Takardun shirin aka kulle su a ma'ajiya shekaru sama da 30, masu rubuta tarihin yaƙin suka wuce ba su gan su ba. A 1948 kuma aka kafa dokar da ta hana mata hawa jirgin da ke aikin yaƙi, hanin da bai kau a aikace ba sai 1993.

Abin da ya tayar da su daga barci shi ne sanarwar da rundunar sojan sama ta yi a tsakiyar shekarun 1970, cewa za ta fara horar da mata, ana ta cewa su ne na farko da za su tuƙa jirgin sojan Amurka. Matan Sweetwater, yanzu iyaye da kakanni, suka ji an shafe su da rai. Suka haɗu, suka tara sa hannu, suka sami Sanata Barry Goldwater, wanda shi ma ya yi jigilar jirage a yaƙin, da Bruce Arnold ɗan Janar Arnold. Hukumar kula da tsofaffin sojoji da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion suka yi adawa, suna cewa in an buɗe wa farar hula wannan ƙofa ba za ta rufu ba. Matan suka kawo takardun umarni, da shaidar horon hafsoshi da aka yi musu, da takardar sallama irin ta soja da aka ba wata daga cikinsu. A watan Nuwamba na 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta amince da su a matsayin tsofaffin sojoji. A 2009 Barack Obama ya sa hannu a ba su lambar zinare ta majalisa, aka yi bikin a watan Maris na 2010, da yawa daga cikin waɗanda suka halarta a keken guragu, mafi yawan matan shirin kuwa sun riga mu gidan gaskiya.

Duk da haka tsohuwar kalmar nan ta "farar hula" ba ta mutu ba. Elaine Harmon, ɗaya daga cikinsu, ta rasu a 2015 tana da shekara 95. Ta bar wasiyya a ƙone gawarta, kamar yadda wasunsu ke yi a can, a ajiye tokar a maƙabartar sojoji ta Arlington. Sai iyalinta suka tarar cewa a farkon shekarar sakataren rundunar soja John McHugh ya soke wannan dama, bisa fassarar lauyoyi cewa dokar 1977 ta shafi hukumar tsofaffin sojoji ne kawai, ita kuwa Arlington a hannun rundunar soja take. Tokar Elaine Harmon ta zauna a cikin kabad a gidan 'yarta sama da shekara guda, jikarta na zirga-zirga a ofisoshin majalisa. 'Yar majalisa Martha McSally, wadda ita kanta ta tuƙa jirgin yaƙi a fagen daga, ta ɗauki maganar ta kai ƙudiri. Aka sa masa hannu a watan Mayu na 2016. Ranar 7 ga Satumba na shekarar aka kai Elaine Harmon Arlington, sojoji suka harba bindiga, aka busa ƙaho, aka naɗe tuta aka miƙa wa 'yarta.